Ba Kujeru Biyu Muka Zo Nema Ba

Wannan shi ne jawabin da na gabatar a taron matasan tsaginmu ranar Asabar. 'Yan uwa da ba su samu halarta ba sun nemi a sa shi a shafi, ga shi kamar yadda na faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.



Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawan tafiya, Hajiya shugabar mata da tawagarta, shugabannin matasa na mazaɓu, 'yan uwana maza da mata, barkanku da zuwa. Na san wani shago ya rufe ya zo, wani babur ya ajiye, wata girki ta bar wa 'yarta. Allah Ya saka da alheri.

Tun ranar da aka yi mana abin da aka yi a zaɓen shugabannin jam'iyya na mazaɓu, wayata ba ta huta ba. Kowa ya san labarin: mun kwana da sanin wuri ɗaya, muka wayi gari an ce an sauya wuri, kafin mu isa an ce an gama, wai an yi maslaha. Yanzu kuma an aiko mana da tayin muƙamai biyu a shugabancin jiha, su ne ma suka zaɓi waɗanda za a ba. Masu kirana iri biyu ne. Wasu suna cewa, shugaba, mu karɓa, da babu gara ba daɗi. Wasu kuma, musamman ku matasa, kuna cewa mu tattara namu-ya-namu mu sauya sheƙa, ko mu tsaya a ciki mu yi musu zagon ƙasa ranar zaɓe. Na ce ba zan amsa wa kowa a waya ba, a bainar jama'a zan amsa.

Amma sai na ɗauke ku mun yi doguwar tafiya tukuna, zuwa wata jiha a kudancin Amurka da ake kira Misisipi. Kada wani ya ce shugaban matasa ya gudu daga maganar gida. Ni ba farfesa ba ne, difloma ce da ni, amma tarihin jihar nan na daɗe ina bin sa, kuma ban taɓa ganin inda ya yi mana amfani kamar yau ba.

Misisipi jiha ce mai mutane kusan miliyan 3, da gundumomi 82, wato kamar ƙananan hukumomi a wajenmu. Babban birninta Jackson. Ƙasar auduga ce, kuma da gumin bayi aka gina arzikinta, shi ya sa tana cikin jihohin farko da suka ɓalle a 1861 aka yi yaƙin basasa. Yau baƙar fata sun kai wajen kashi 37 cikin 100 na mutanenta, babu jihar da ta kai ta a duk Amurka. A da ma su ne suka fi yawa, sai da dubban ɗaruruwa suka yi ƙaura zuwa Chicago da sauran biranen arewa.

Bayan yaƙin, da aka 'yanta bayi, sun ɗanɗana mulki na ɗan lokaci. Baƙar fata na farko da ya shiga majalisar dattawan Amurka, Hiram Revels, daga Misisipi ya fito a 1870. To, masu gonaki ba su haƙura ba. Da farko bindiga suka yi amfani da ita da satar akwati. Daga baya suka ga abin yana jawo musu surutu, sai suka zauna a 1890 suka rubuta sabon kundin tsarin mulkin jiha. Ku saurari dabarar, don irinta ba ta mutu ba. Babu inda sharuɗɗan suka ce baƙi ba zai yi zaɓe ba. Cewa aka yi duk mai son rajista sai ya biya harajin zaɓe dala 2 a shekara, ya nuna rasit, sannan ya karanta wani sashe na kundin ko ya bayyana ma'anarsa yadda zai gamsar da jami'in rajista. Kundin yana da sassa 285. Jami'in shi ke zaɓar sashen, shi ke yanke hukuncin ko ka ci. Farar fata ya zo, a ba shi layi guda mai sauƙi. Baƙi ya zo, ko malamin makaranta ne, a buɗe masa inda lauya ma sai ya yi gumi. A 1962 suka ƙara da cewa duk wanda ya nemi rajista sai an buga sunansa a jarida mako biyu. Kun gane manufar: mai gonar da kake wa aiki ya gani, mai ba ka bashi ya gani.

Wanda duk wannan bai tsayar da shi ba, harsashi ke tsayar da shi. A 1955 an harbe Lamar Smith da rana tsaka a harabar kotun Brookhaven saboda yana taimakon mutane su jefa ƙuri'a. A 1961 wani ɗan majalisar dokokin jihar da hannunsa ya harbe wani manomi, Herbert Lee, aka ce kare kansa ya yi. A watan Yunin 1963 aka harbe Medgar Evers, jagoran ƙungiyar NAACP a jihar, a ƙofar gidansa. Sakamakon duk wannan, zuwa 1964 baƙar fata da ke da rajista ba su wuce kashi 6.7 cikin 100 na waɗanda suka isa zaɓe ba.

Ku riƙe wani abu guda a nan, don shi ne ƙashin bayan labarin. A wancan zamani jam'iyya ɗaya ce a Misisipi, Dimokurat. Wanda ya ci zaɓen fidda gwani ya gama cin zaɓe. Saboda haka wanda ya riƙe ƙofar jam'iyya ya riƙe jiha.

Yanzu bari in gabatar muku da matar da ta sa na kawo wannan labari, Hajiya shugabar mata ki saurara da kyau. Sunanta Fannie Lou Hamer. An haife ta a 1917, ita ce auta cikin 'ya'ya 20. Tana da shekara 6 ta fara tsintar auduga, tana wajen 12 ta bar makaranta. Ita da mijinta suna noman kashe-mu-raba a gonar wani bature a gundumar Sunflower: kai ka yi noma, shi ya ba ka iri da abinci bashi, ƙarshen shekara shi ke lissafi, kullum kai ne da saura. Da yake ta iya rubutu, ita ce malamar sikeli a gonar, shekara 18. A wannan gunduma dai akwai babbar gonar Sanata James Eastland, wanda ya shugabanci kwamitin shari'a na majalisar dattawa tun daga 1956, inda ƙudurorin 'yancin baƙar fata ke zuwa su kwanta. Ku riƙe sunan Eastland, za mu dawo kan kujerarsa.

Sai tana da shekara 44 ta je wani taro a coci, inda matasan ƙungiyar ɗalibai ta SNCC suka yi bayanin rajista. Ranar 31 ga Agusta, 1962, su 18 suka hau bas zuwa Indianola. Aka ba ta sashen da ba ta taɓa jin labarinsa ba, ta faɗi. A hanyar dawowa 'yan sanda suka tare motar, suka kama direba, wai launin motar ya cika rawaya, ta yi kama da motar 'yan makaranta. Tana isa gida mai gona ya ce ko ta janye sunanta ko ta bar masa gona. A daren ta fita. Bayan kwana goma aka yi ruwan harsashi a gidan da ta fake. Ta sake komawa ta rubuta jarrabawar har ta ci. A Yunin 1963 aka kama ta a garin Winona, 'yan sanda suka sa fursunoni biyu suka yi mata dukan da ya lalata mata ƙoda, ya taɓa mata ido har ƙarshen rayuwarta. Duk lokacin da na karanta wannan, Hajiya Gambo Sawaba nake tunawa, da irin ɗauri da dukan da ta sha a zamanin NEPU, a lokacin da matan Arewa ba su da ƙuri'a. Zamani ɗaya ne fa, teku ce kawai a tsakaninsu.

Masu mulkin jihar kullum hujjarsu a Washington ita ce, ai baƙaƙenmu ba ruwansu da siyasa, ba sa son zaɓe. Ba da zagi aka amsa musu ba. A ƙarshen 1963 'yan gwagwarmaya suka shirya zaɓen gwaji, nasu na kansu, a gefen na gwamnati. Suka tsayar da Aaron Henry, wani mai kemis a garin Clarksdale, takarar gwamna, da Ed King, wani farar fata limamin cocin kwaleji, a matsayin mataimaki. Aka kai akwatuna coci-coci, shagunan aski, kantuna. Mutum wajen 80,000 suka jefa ƙuri'a, alhali masu rajistar gwamnati a cikinsu ba su kai 30,000 ba. Ƙuri'ar ba ta ɗora kowa a kujera ba, amma daga ranar ƙaryar ta mutu, kuma sun samu abin da ya fi kujera a lokacin: sun san mutanensu, gari-gari, da suna.

Sai shekarar 1964, shekarar zaɓen shugaban ƙasa. A watan Afrilu suka kafa tsaginsu, MFDP, wato 'yan Dimokurat na 'yanci na Misisipi. Ku lura da sunan. Ba su jefar da sunan jam'iyya ba. Cewa suka yi mu ne 'yan jam'iyya na gaskiya, tunda mu ke biyayya ga uwar jam'iyya da ɗan takararta, su kuwa masu riƙe da ofis a Jackson a fili suke zagin manufofinta.

Da lokacin tarukan jam'iyya na matakin akwati ya zo a watan Yuni, sun san ba za a bar su ba, amma suka je. Wasu suka tarar an kulle ƙofa. Wasu suka tarar an sauya wuri ba sanarwa. Wasu aka ce musu an riga an gama. Na ga wasunku suna dariya. Wallahi ba ni na ƙirƙira ba, haka yake a tarihi. To me suka yi? Ba su fasa taga ba, ba su ƙona ofis ba. Duk wanda aka kora ya zauna ya rubuta: wane wuri, ƙarfe nawa, wa ya hana shi, su wa suka shaida, ya yi rantsuwa ya sa hannu. Daga nan suka buɗe dokokin jam'iyya suka bi su layi-layi, suka yi nasu tarukan na akwati, na gunduma, har babban taron jiha a Jackson ranar 6 ga Agusta, ƙofa a buɗe ga kowa, fari da baƙi. Suka zaɓi daliget 68, huɗu daga ciki farar fata.

Kuma ba cikin kwanciyar hankali aka yi wannan ba. A wannan bazarar aka ƙona coci fiye da 30. Ranar 21 ga Yuni aka kashe matasa uku masu aikin rajista a gundumar Neshoba, James Chaney, Andrew Goodman da Michael Schwerner, da hannun mataimakin shugaban 'yan sandan gundumar a ciki. Sai 4 ga Agusta aka tono gawarwakinsu, kwana biyu kafin taron na Jackson.

Babban taron jam'iyya na ƙasa a Atlantic City aka yi shi. Tawaga biyu suka iso daga Misisipi, kowace tana cewa kujerun jihar nata ne. Ranar 22 ga Agusta, Fannie Lou Hamer ta zauna gaban kwamitin tantance daliget, talabijin na nunawa kai tsaye, ta ba da labarin korarta daga gona da dukan Winona, da irin Turancinta na ƙauye. Shugaba Lyndon Johnson, wanda ke tsoron kada jihohin kudu su juya masa baya, ya kira taron manema labarai na gaggawa don kyamarori su bar ta. Sun bar ta ɗin, amma da dare gidajen talabijin suka sa jawabin nata, ƙasa duka ta gani.

A nan fa aka shiga siyasar ɗaki, irin wadda muka sani. Tsagin na buƙatar mutum 11 kacal a cikin kwamitin don a kai maganar zauren taro, inda suke ganin za su yi nasara. Sai aka fara bin magoya bayansu ɗaya bayan ɗaya, wannan a tuna masa da muƙamin da yake jira, wancan a tuna masa da aikin gwamnati da ke hannunsa. Hubert Humphrey, wanda ya daɗe yana goyon bayan 'yancin baƙar fata, shi aka ɗora wa aikin kashe wutar, kuma kowa ya san kujerar mataimakin shugaban ƙasa da yake nema tana rataye da hakan. Ƙarshe aka fito da tayi: tsoffin su riƙe kujerun jihar in sun yi alkawarin biyayya, tsagin a ba shi kujeru biyu na alfarma waɗanda ba sa wakiltar Misisipi, sannan daga taro na gaba ba za a sake karɓar tawagar da aka zaɓa da wariya ba. Kujerun biyu kuma an riga an rubuta sunayen masu su, Aaron Henry da Ed King. Ba a tambayi mutum 68 ɗin ba. An ma sanar da duniya tun shugabanninsu na ɗaki ana tattaunawa.

Manyan 'yan gwagwarmaya, irin su Bayard Rustin, suka zo suna lallashi: ku karɓa, wannan nasara ce, siyasa 'yar sassauci ce. Kuma kada mu raina maganarsu, mutane ne da suka sha wuya su ma. Daliget suka zauna a wani coci suka yi muhawara mai zafi, suka ƙi. Fannie Lou Hamer ta ce ba don kujeru biyu suka yi wannan doguwar tafiya ba.

Wasu suna ba da labarin kamar taurin kai ne. Ba haka ba ne. Wata 'yar majalisa, Edith Green, ta kawo shawarar a zaunar da duk wanda ya yarda zai yi biyayya daga tawagogin biyu, a raba ƙuri'un jihar a tsakaninsu, kuma tsagin ya nuna zai karɓi wannan. Ba sulhu suka ƙi ba. Abin da suka ƙi shi ne wanda ya kore ka daga gidanka ya dawo ya zaɓar maka wanda zai yi magana da yawunka. Su kuwa tsoffin da aka yi duk wannan don a faranta musu, ko alkawarin biyayyar ba su yarda sun yi ba, in ban da 'yan ƙalilan duk suka fice. A zaɓen Nuwamba, Barry Goldwater na Rifablikan ya kwashi kashi 87 cikin 100 na ƙuri'un Misisipi.

To matasa, ga inda nake so ku buɗe kunne. Sun dawo gida da ɓacin rai, wasu daga cikin 'yan SNCC daga ranar suka yanke ƙauna da jam'iyyar gaba ɗaya. Amma tsagin bai fita ba. Wannan Johnson da ya yi musu haka, shi suka yi wa kamfen a Nuwamba. A Janairun 1965 suka kai ƙara majalisar wakilai cewa 'yan majalisar Misisipi ba halastattu ba ne, tunda an hana kusan rabin jama'a zaɓe. Hamer da Victoria Gray da Annie Devine ne a gaba. An kayar da ƙarar a Satumba, 228 da 143, amma shaidun da suka tara sun shiga kundin majalisa. A Agustan shekarar aka sa hannu a dokar 'yancin zaɓe ta ƙasa, wadda ta soke jarrabawar rajista, ta ba gwamnatin tarayya ikon turo nata jami'an. Cikin shekara biyu masu rajista suka tashi daga kashi 6.7 zuwa kusan 60 cikin 100.

A 1967 reshen tsagin na gundumar Holmes ya tsayar da wani malamin makaranta, Robert Clark, ya kayar da mai ci da ƙuri'u ɗari da 'yan kai. Shi ne baƙar fata na farko a majalisar dokokin jihar tun ƙarni na 19. Shekara 8 yana zaune shi kaɗai, ana ƙin ba shi damar magana. Ya daure, ya yi shekara 36 a majalisar, har ya zama mataimakin kakaki. A 1968 kuma, a taron Chicago, wancan alkawari na uku da kowa ya raina shi ya yi aiki: aka kori tsohuwar tawaga gaba ɗaya, aka zaunar da gamayyar da tsagin ke ciki. Fannie Lou Hamer ta zauna a kujerar Misisipi, da sunan Misisipi. Shekara huɗu tsakani. A 1976 ɓangarorin biyu suka haɗe, da shugabanni biyu, ɗaya Aaron Henry.

Ba zan ɓoye muku ɗacin da ke ciki ba. Lokacin da tuwo ya nuna, waɗanda suka sha hayaƙi ba su ne a gaban akushi ba. A gamayyar 1968 lauyoyi da 'yan boko da 'yan kasuwa ne suka riƙe ragama, manoman da suka sha duka suka koma baya. Hamer ta nemi kujerar majalisar dattawan jiha a 1971 ta faɗi. Ta kuma kafa gonar haɗin gwiwa don talakawan Sunflower su samu abinci, ta rasu a 1977 tana da shekara 59, ba ta da komai. Iyayenmu dattawa, da girmamawa nake faɗa: in Allah Ya ba mu nasara, matan nan da matasan nan da suka tsaya a rana, kada su zama su ne na ƙarshe a layi. Mu ma muna kallo.

Saura masu cewa mu fita, ko mu tsayar da namu a gefe don mu koya musu hankali. An gwada wannan ma a Misisipi. A 1978 Eastland ya yi ritaya. Kujerar mutumin da ya tare musu hanya shekara da shekaru ta zama babu kowa, jam'iyya kuma a haɗe take. Sai Charles Evers, yayan marigayi Medgar, wanda ya zama magajin garin Fayette tun 1969, ya ce jam'iyya tana cin ƙuri'ar baƙar fata ba ta ba su tikitin manyan kujeru. Gaskiya ya faɗa. Ya fito takara a matsayin ɗan indifenda. Sakamako: Evers kusan kashi 23, ɗan takarar Dimokurat kusan 32, Thad Cochran na Rifablikan 45. Ku haɗa 23 da 32 da kanku. Cochran ya zauna a kujerar nan har 2018, shekara kusan 40. Ya sauka, Mike Espy, wanda a 1986 ya zama baƙar fata na farko da jihar ta tura majalisar wakilai cikin kusan shekara ɗari, ya nemi kujerar bai samu ba. Shi kuwa Evers daga baya Rifablikan ɗin ya koma.

Zan yi adalci: ko da Evers bai fito ba, farar fatar jihar sun riga sun fara kwarara zuwa Rifablikan, kuma ba lallai ne duk wanda ya zaɓe shi ya zaɓi ɗan Dimokurat ba. Amma ƙofar a ranar aka buɗe ta. Ya koya wa jam'iyya hankali, haka ne. Mutanensa me suka samu? Tun bayan Jimmy Carter a 1976 Dimokurat ba ta sake cin jihar a zaɓen shugaban ƙasa ba. Gwamnanta na ƙarshe a 1999 aka zaɓe shi. Kuma tun kundin 1890 zuwa yau, babu baƙar fata ko ɗaya da ya ci kujerar da duk jihar ke zaɓa.

Misisipi ta yau tana da ɗaruruwan baƙar fata a kujerun magajin gari, kansila da majalisar jiha. A 2020 aka sauke tutar jihar mai ɗauke da tambarin 'yan tawayen da suka yi yaƙi don bauta ta ɗore, tutar da masu zaɓe suka ƙi sauyawa a 2001. Amma har yanzu tana sahun ƙarshe a Amurka wajen samun kuɗin shiga, kuma a 2022 mutanen Jackson, birnin da mafi yawansu baƙar fata ne, sun yi makonni ba ruwan famfo mai tsabta. Ƙuri'a ta zo, talaucin bai tafi ba. Wannan kuma magana ce ta wata rana.

Yanzu ga amsata ga masu kirana, kuma ra'ayina ne, dattawa su ke da ta cewa a ƙarshe. Muƙaman nan biyu, yadda aka kawo su da sunaye a rubuce, ban goyi bayan mu karɓa ba. 'Yan uwanmu biyu da aka ambata mutanen kirki ne, ba su roƙa ba, kada in ji wani ya zage su a Facebook. In ana son sulhu, a ƙirga mutane mazaɓa-mazaɓa a raba daidai ƙarfin kowa, mu kuma mu zaɓi namu da kanmu. Wannan za mu zauna a kai ko gobe ne. Fita kuma ba ma fita. Gidan nan da mu aka gina shi, kuma wanda ya fi kowa murna ranar da muka fita shi ne wanda ya kulle mana ƙofa.

Sai dai in tambaye ku, kuma ina tambayar kaina. A cikinmu nan wa ya rubuta abin da ya faru a mazaɓarsa ran nan, da lokaci da shaidu? Na ga hannu huɗu. Bidiyon zagi kuwa na ga ya fi hamsin. In uwar jam'iyya ta kira mu Abuja gobe ta ce ku kawo hujja, me za mu ajiye a tebur? In ta ce mutum nawa ne da ku a mazaɓa kaza, masu katin jam'iyya da katin zaɓe, wa zai faɗi lamba ba tare da ya ce "ai muna da yawa" ba?

Saboda haka kafin kowa ya tashi, sakatare yana bakin ƙofa da littattafai, kowace mazaɓa guda. Shugaban matasa da shugabar mata na mazaɓa su sa hannu su karɓa tare. Suna, akwati, lambar katin jam'iyya, da ko mutum yana da katin zaɓe. Wanda ba shi da shi a sa masa alama, mu san ranar da za a raka shi. Kada a rubuta sunan wanda ba a gani da ido ba, ko ƙaninka ne. Waɗanda aka hana shiga ranar zaɓen mazaɓu kuma su tsaya bayan sallar La'asar, lauyoyinmu biyu suna nan za su ɗauki bayanin kowa a kai kotu a yi rantsuwa ranar Litinin. Littattafan za mu karɓe su nan da mako uku, a wannan zaure.